Jan biri da tsutsar tsamiya: Halittu biyu da saran daji ke kora daga yankin Lafiya

Duk wanda ya bar garin Lafiya da sassafe ya kama hanyar Shendam, ba zai jima ba zai iso Adogi. Dama da hagu gonakin doya ne da rogo da riɗi da agushi. Jefi-jefi akan hango ɗorawa ko kaɗanya tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona, wadda mai gonar ya ƙyale saboda kalwa ko man kaɗe. A bakin titi kuwa, kamar yadda aka saba gani a manyan hanyoyin Jihar Nasarawa, buhunan gawayi ne a jere suna jiran mai saye.

Wannan ƙasa, kafin gatari da garma su cinye yawancinta, dajin itatuwa ce mai dogayen ciyayi, irin wanda har yanzu ake iya ganin ragowarsa a gaba kaɗan, a gandun namun dajin Pandam da ke cikin Jihar Filato. Daga cikin halittun da irin wannan daji ya raina akwai biyu da babu abin da ya haɗa su a ido. Ɗaya kowa ya san shi, manoma ma sun san shi fiye da yadda suke so, wato jan biri. Ɗayar kuwa mutane ƙalilan ne suka taɓa lura da ita, ko da yake da yawa sun ga aikinta a ƙirjin rigunan sarakuna: wata 'yar faɗa-wuta ce da tsutsarta ke saƙa zaren da Hausawa ke kira tsamiya. Dukansu biyun suna ja da baya, kuma sanadin guda ne.

Birin da ya fi kowane biri gudu

Masana kimiyya na kiran jan biri Erythrocebus patas. Ana samunsa daga Senegal har zuwa Habasha da Kenya, a shimfiɗar dajin da ke tsakanin hamada da kurmi. Ya bambanta da yawancin danginsa domin a ƙasa yake wuni. Dogayen ƙafafunsa da siririn jikinsa sun sa yana iya gudun da ya kai kilomita 55 a awa guda, abin da babu wani biri a duniya da ke iya yi. Idan ya ga hatsari, ƙafa ce makaminsa.

Garkensu yakan ƙunshi mata da 'ya'yansu da babban namiji guda, wanda nauyinsa kan ninka na mace. Shi ne mai gadi. Yakan hau suri ko kututture yana dube-dube yayin da sauran ke kiwo. Abincinsu ya haɗa da ƙaro da 'ya'yan itatuwa da ƙwayoyin ciyawa da fara da tsutsotsi. Da magariba ta yi sai su watse cikin bishiyoyi, kusan kowane babba da tasa, don kada damisa ta same su a wuri guda.

A nan raunin jan biri yake. Garke ɗaya na bukatar fili mai faɗin gaske don ya samu abin da zai ishe shi, yana bukatar ruwan sha a kusa da rani, yana kuma bukatar tarin bishiyoyin kwana. Macen takan ɗauki ciki na kimanin wata biyar da rabi, ta haifi ɗa guda tak. Idan aka kashe mata biyar a garke, sai an yi shekaru kafin a cike gurbinsu.

Tsawon lokaci ana ɗaukar jan biri a matsayin dabbar da ba ta cikin wata damuwa. A shekarar 2020 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, wadda ke fitar da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sauya masa matsayi zuwa rukunin waɗanda ke dab da shiga hatsari. Ɗan uwansa na arewacin Tanzaniya, Erythrocebus baumstarki, tuni ya kai matakin ƙarshe kafin ɓacewa, inda ake ƙiyasta cewa waɗanda suka rage ba su wuce 200 ba.

Manomi yana da tasa hujjar. Garken birai kan shiga gonar masara da hantsi ya karya abin da ya fi wanda zai ci, ya tone gyaɗa, ya ɓare rogo. Ba a banza Bahaushe ke kwatanta mai ɓarna da biri ba. Gidan da ke da gona a bakin daji sau da yawa sai ya ajiye yaro yana tsaro da gwafa da kare, a lokacin da ya kamata yaron yana aji. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin gonakin da birai ke shiga yau, jiya su ne wurin kiwonsu. Ga kuma mafarauta, ga masu kama 'ya'yan birai don sayarwa ga masu wasa da su a kasuwanni. Ɗan biri ba ya rabuwa da cikin uwarsa, don haka galibi sai an kashe uwar ake samunsa.

Tsutsar da ta yi wa sarakuna ado

Kalmar tsamiya a Hausa ba bishiya kaɗai take nufi ba. Tana kuma nufin wani zaren siliki na daji, da rigar da aka yi da shi. Zaren na fitowa ne daga tsutsar wasu faɗa-wuta da masana ke kira Anaphe da Epanaphe. A arewacin Najeriya wadda ta fi shahara ita ce Epanaphe moloneyi, wadda aka raɗa wa sunan Alfred Moloney, gwamnan Legas na zamanin Turawa, wanda ya wallafa littafi kan dazuzzukan Afirka ta Yamma a 1887. Ganyen doka na cikin manyan abincinta. Akwai kuma 'yan uwanta da ke cin ganyen tsamiya, inda zaren ya samo sunansa.

Rayuwar wannan halitta abin mamaki ce. Uwar takan zuba ɗaruruwan ƙwai a bayan ganye da damina, ita kuwa kwanakinta kaɗan ne. Tsutsotsin, masu gashi kamar gizaka, ba sa rabuwa. Tare suke ci, tare suke tafiya a jere kan reshe, ɗaya na bin ɗaya. Idan suka ƙoshi suka girma sai su taru wuri guda, kowace ta naɗe kanta da zare a jikin 'yar uwarta, har su zama dunƙule guda mai ɗauke da ɗaruruwan ɗakuna. Wasu nau'o'in ma sukan fara da saƙa babbar jaka mai kauri su shige ciki gaba ɗaya. A nan suke kwana rani, sai ruwa ya sauka su fito da fukafukai.

Wannan dunƙulen shi mafarauta da makiyaya da masu shiga daji ke cirowa su kai kasuwa. Aikinsa ba na rago ba ne, domin gashin tsutsar na sa ƙaiƙayi mai tsanani. Sai an dafa shi da ruwan toka har danƙon da ya haɗe zaren ya narke, a wanke, a shanya, sannan mata su kaɗa shi da mazari kamar yadda ake kaɗa auduga. Zaren da ke fitowa launinsa daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa, ba ya da ƙyallin silikin Sin, amma yana da ƙarfi da ƙarko.

Da shi maɗinka a Kano da Zariya da Bida suka daɗe suna yin aikin aska biyu da aska takwas a manyan riguna. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana shigo da rinannen siliki ta hanyar Tarabulus, wanda ake kira alharini. Tsamiya kuwa ta gida ce, daga dajin ƙasar ake samo ta. A ƙasar Yarabawa irin wannan zare ne ake saƙa sanyan da shi, wanda ake ɗauka a matsayin mafi daraja cikin tufafin aso-oke.

Yau zaren inji ya maye gurbin tsamiya a yawancin shagunan ɗinki, kuma mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan sanyan auduga ce da aka rina ta yi kama da shi. Arahar zaren kanti na cikin dalilan. Ɗaya dalilin shi ne, bishiyoyin da tsutsar ke ci sun ragu, samun dunƙulen ya yi wuya.

Tana da wata 'yar uwa ta nesa da mutanen tsakiyar Najeriya suka fi sani, wato Cirina forda, wadda tsutsarta ke cin ganyen kaɗanya. Nupawa na kiranta mani-mani, ana busar da ita a sa a miya, kuma a Bobo-Dioulasso ta ƙasar Burkina Faso irinta abinci ce mai kasuwa. Sau ɗaya take fitowa a shekara, sannan ta shige ƙasa a gindin bishiyar ta jira wata damina. Duk kaɗanyar da aka sare, an sare har da ita.

Inda suka sha bamban

Idan aka jera jan biri da faɗa-wutar tsamiya, bambancin farko shi ne na haihuwa. Biri ɗa guda yake haifa, ya shayar da shi, ya koya masa hanyoyin ruwa da wuraren kwana. Faɗa-wuta ɗaruruwa take zubawa ta mutu ba ta ga ko ɗaya ba. Saboda haka idan aka bar mata bishiyarta, cikin 'yan damuna za ta iya dawowa da yawa, alhali garken biran da aka karya yana bukatar shekaru masu yawa na zaman lafiya.

Bambanci na biyu ya juya lamarin. Biri yana da wayo da ƙafa da ciki mai karɓar kusan komai. Idan daji ya ƙare zai koma gona, idan aka kore shi zai yi gaba. Tsutsar ba ta da wannan zaɓi. An halicce ta a kan ganyen wasu 'yan bishiyoyi, kuma rabin shekara tana rataye a jikin itace ba ta motsi. Gobarar daji guda, irin wadda ake cinnawa da rani don farautar gafiya ko neman sabuwar ciyawa, tana iya ƙone zuriyar shekara ɗungurungum.

Na uku shi ne matsayinsu a wurin mutane. Biri abokin gaba ne ga manomi, amma yana da masu tausaya masa a birane da ƙasashen waje, domin kamar yadda ake cewa, biri ya yi kama da mutum. Faɗa-wutar tsamiya ba ta taɓa cin gonar kowa ba, ta ma ciyar da masu kaɗi da masaƙa da maɗinka, amma ba ta da mai magana da yawunta. Manomin da ya ga tsutsa mai gashi a bishiya, abin da ya fi sauƙi a gare shi shi ne ya ɗauko maganin feshi.

Wanda ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa

Wannan bambanci ya bayyana har a cikin littattafan masana. Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar Science Advances a 2017 ya duba nau'o'in dangin birai sama da 500, ya gano cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na fuskantar barazanar ƙarewa, kashi 75 cikin 100 kuma yawansu na raguwa. An iya fitar da waɗannan alƙaluma ne saboda kusan kowane nau'in biri an bi shi an tantance halin da yake ciki.

Ƙwari kuwa, waɗanda aka sanya wa suna sun kai kimanin miliyan guda, daga ciki faɗa-wuta kaɗai sun kai wajen 160,000, amma waɗanda IUCN ta tantance ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin 100 ba. Inda aka yi awo na dogon lokaci, sakamakon ya tayar da hankali. A Jamus, wani bincike da aka fitar a 2017 ya nuna cewa nauyin ƙwari masu tashi da ake kamawa a wurare 63 da aka keɓe don kare halittu ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a cikin shekara 27.

Doka ma ta bi wannan sahu. Najeriya na da dokar hana fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, aka yi mata gyara a 2016, kuma dukkan birai na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa. Ko da aiwatar da dokar na da rauni, aƙalla sunan biri na cikin takarda. Tsutsar tsamiya ba fatauci ne ke kashe ta ba, rashin bishiya ne, kuma babu jami'in kwastan da zai iya kama wannan a kan iyaka.

Gatari guda

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoban 1996 aka mayar da Lafiya babban birninta, garin ke ta faɗaɗa, musamman bayan kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Ƙaruwar jama'a na nufin ƙarin gonaki da ƙarin murhu. Kusancin jihar da Abuja ya sa gawayinta na da kasuwar da ba ta ƙoshi, kuma duk lokacin da iskar gas da kananzir suka yi tsada, daji ne ke biyan kuɗin.

Masu gawayi sun fi son itace mai tauri, irin su ƙirya da kaɗanya da doka. Masu katako kuma sun bi madobiya, wadda aka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin har sai da aka sanya ta ƙarƙashin kariyar CITES a 2017. Kaɗanya kanta tana cikin jerin IUCN na bishiyoyin da ke cikin hatsari, ga shi kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya zuwa waje na wata shida domin a riƙa sarrafa shi a gida. Amfanin irin wannan mataki ya dogara ne ga bishiyar na nan tsaye.

A ƙarshen 2021 Gwamnatin Jihar Nasarawa ta ba da sanarwar haramta cinikin gawayi. Buhunan da ke bakin hanya shaida ne cewa sanarwa kaɗai ba ta hana mai yunwa sara, ba ta kuma dafa wa matar gida tuwo. Mai ƙona gawayi a ƙauye shi ne mafi ƙarancin riba a cikin wannan ciniki, kuma shi ne zai zauna da ƙasar da ta tsiraita bayan motar dillali ta wuce.

Gandun Pandam, wanda aka keɓe a 1972 mai faɗin murabba'in kilomita 224, yana da dajin doka a ɓangarensa na arewa, yana da birai, kuma a 2008 aka sanya tafkinsa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Amma gandu guda da gonaki suka kewaye tsibiri ne. Biri ba ya sanin iyaka, kuma zuriyar da aka killace a wuri guda takan yi rauni a hankali.

Abin da wasu suka gwada

A Lagwa ta Jihar Imo da Akpugoeze ta Jihar Enugu akwai wani biri, Cercopithecus sclateri, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai kudancin Najeriya. Ya tsira a waɗannan garuruwa ne saboda al'adar mutanen ta haramta kashe shi, duk da cewa su ma suna kukan ɓarnarsa. A Jihar Kuros Riba kuma, ƙungiyar Pandrillus ta shafe fiye da shekara 30 tana karɓar marayun biran da ake kira drill tana rainonsu. Darasin wuraren biyu shi ne, biri na rayuwa ne inda mutanen da ke zaune da shi suka yarda ya rayu.

Ta ɓangaren tsutsa, cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yi aiki da mazauna gefen dajin Kakamega a Kenya kan kiwon Anaphe panda domin samun siliki, ta yadda bishiyar da ke tsaye za ta riƙa kawo kuɗi. Akwai wata fa'ida a nan da ta dace da tsamiya. Tun da kaɗa zaren ake yi da mazari, ba warware shi ake yi a tsaye kamar silikin Sin ba, ana iya jira faɗa-wutar ta fice sannan a ciro dunƙulen. Mai zare ya samu, zuriya kuma ta ci gaba.

Misali mafi kusa da manomin Adogi yana ƙasar Hausa ne. Daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi mafi ƙarfi a bar shi, a riƙa yi masa aski har ya zama bishiya. Ana ƙiyasta cewa ta wannan hanya an dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan biyar, ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Doka na cikin bishiyoyin da ke saurin tohowa daga kututture da saiwa, kuma ruwan saman yankin Lafiya ya ninka na Maraɗi.

Ba a rasa masu ilimin da za su ja gaba ba. Lafiya na da Jami'ar Tarayya, tana da Kwalejin Aikin Gona, ga kuma tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a Shabu. Ƙirga garkunan biran da suka rage tsakanin Adogi da Assakio, da gano bishiyoyin da tsutsar siliki ke sauka a kansu, aiki ne da ɗalibai za su iya yi tare da mafarauta da makiyaya, waɗanda suka fi kowa sanin dajin. Masu unguwanni da dagatai kuma na da ikon da ya fi na kowace sanarwa wajen hana cinna wuta da rani da hana sare itatuwan bakin rafi, inda birai ke sha suke kwana.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a fassara masu karin maganar nan da ke cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, domin garuruwan biyu maƙwabtansu ne. Bishiyar da biri ke kwana a kai, wadda tsutsa ke ci, ita ce ke riƙe ƙasar gona idan ruwa ya sauko da ƙarfi, ita ce ke ba mata man kaɗe da daddawa, ita ce makiyayi ke sassaɓe wa shanunsa ganye a ƙarshen rani. Bambancin kawai shi ne, idan jan biri ya ƙare a dajin, manoma za su lura tun a daminar farko. Faɗa-wutar tsamiya kuwa sai dai a tuna da ita ranar da aka buɗe adakar wani dattijo, aka ɗauko tsohuwar riga, aka rasa wanda zai iya faɗin inda zarenta ya fito.